Ma'anar kalmar “dendritic” da wuraren da ake amfani da ita

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya cewa ya ci karo da kalmar Ingilishi “dendritic” a littafin labarin ƙasa wajen bayanin tsarin koguna, ya sake ganinta a darasin ilimin halittu a kan ƙwaƙwalwa, daga baya kuma ya ji likitan ido ya ambace ta lokacin da ya raka wani ɗan'uwansa asibiti. Yana so ya san ko kalma ɗaya ce a duk waɗannan wurare, ko ana iya amfani da ita ga duk abin da ya yi rassa, da kuma yadda ya kamata a faɗe ta da Hausa.

Malam mai tambaya, kalma ɗaya ce, kuma sifa ce a nahawun Ingilishi. Asalin ma'anarta shi ne abin da ya yi rassa irin na bishiya, wato ya taso daga gindi ɗaya ya rabu, kowane reshe ya sake rabuwa, rassan suna ƙara sirancewa da yawaita yayin da suke nisa da gindin. Sai dai wannan bayani na ƙamus bai isa ya koya wa mutum amfani da kalmar ba, domin akwai abubuwa masu rassa da yawa da Bature ba zai taɓa kiransu dendritic ba, akwai kuma abubuwan da ake kira dendritic alhali ba su da ko reshe ɗaya. Waɗannan wurare biyu su ne inda ɗalibai da masu fassara suka fi yin tuntuɓe, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Kalmar ta samo tushe daga Girkanci, inda “dendron” ke nufin bishiya. Daga nan aka sami sunan “dendrite”, wanda ya shiga Ingilishi a ƙarni na 18 a bakin masu nazarin duwatsu, sannan a farkon ƙarni na 19 aka yi masa ɗafa-ƙeya na “-ic” ya zama sifa. Wannan tushe na “dendron” yana nan a wasu kalmomin da za ka iya haɗuwa da su: “dendrology” nazarin itatuwa ne, “dendrochronology” hanyar gano shekaru ce ta ƙidaya zobban da ke cikin kututture, “dendrogram” kuma zane ne mai rassa da ake nuna dangantakar abubuwa da shi. Har sunan shukar nan “rhododendron” fassararsa ita ce bishiyar wardi.

Akwai abin lura a furuci, domin na sha jin ana kuskure a kansa. Sunan dendrite ana ƙarfafa gaɓarsa ta farko, kuma wasalin ƙarshe yana fita kamar “ai” na kalmar “kai”. Amma da an mayar da shi sifa, sai ƙarfin ya koma gaɓa ta biyu, wasalin kuma ya gajarce ya zama “i”, a ji kamar den-DRI-tik. Ba abin mamaki ba ne, haka ɗafa-ƙeyan “-ic” yake yi galibi, yana jawo ƙarfin furuci zuwa gaɓar da take gabansa. Wanda ya san yadda ake furta “parasite” da “parasitic” ya riga ya san ƙa'idar.

Duwatsun da suka fara karɓar wannan suna su ne suka fi nuna ainihin siffar da ake nufi. Idan aka tsaga wasu duwatsun farar ƙasa, akan tarar da wani baƙin zane a fuskar da ta tsage, siriri, shimfiɗe, mai rassa ƙanana kamar an danna ɗan tsiro a jikin dutsen ya bushe a wurin. Duwatsun Solnhofen da ke jihar Bavaria a Jamus sun yi suna da irin wannan zane. Wanda bai sani ba zai rantse burbushin tsiro ne na zamanin da, amma kama da wane ba ta wane. Ruwa ne mai ɗauke da sinadarin manganis ya ratsa ta siririyar tsagar dutsen, sinadarin ya riƙa taruwa yana daskarewa a hankali har ya fitar da wannan siffa. Babu wani abu mai rai da ya taɓa kwanciya a wurin. Saboda haka tun farkon shigowarta kalmar tana magana ne a kan kamanni, ba ta cewa abin itace ne ko yana da alaƙa da itace. Wannan ne ma ya sa ba a cika kiran ita bishiyar kanta dendritic ba, domin ba a kamanta abu da kansa.

Sharuɗɗan siffar uku ne, ko da yake ƙamus ba ya jera su. Rabuwar dole ta maimaitu, ba sau ɗaya ba. Hanya da ta rabu biyu ko gwafa mai baki biyu ba su shiga ciki, kalmar da ake ba su ita ce “forked” ko kuma “bifurcated” a rubutun ilimi. Dole kuma a sami babba da ƙarami, wato gindi da manyan rassa da ƙananansu. Sharaɗi na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci: rassan ba sa komawa su haɗe da juna. Ka dubi bishiyar kuka da rani bayan ta kaɗe ganye. Daga kowane tsinin reshe hanya ɗaya tak ce take kaiwa gindi. Da zarar rassa sun soma sarƙewa suna haɗewa suna barin ramuka a tsakani, abin ya tashi daga bishiya ya koma raga ko koma ta masunta, kuma Ingilishi yana da kalma dabam ga wannan, “reticulate”, daga kalmar Latin mai nufin ƙaramar raga. Jijiyoyin da ke cikin ganyen mangwaro ko na kuɓewa, idan ka ɗaga ganyen ga hasken rana, za ka ga ƙananansu sun haɗe sun yi raga, shi ya sa masana tsirrai suke kiransu reticulate. A nan ma ne zanen nasaba, wanda Larabawa suke kira shajara, yake ɗan yin ƙarya: a takarda bishiya ce, amma a gidan da ake auren zumunci rassan suna komawa su haɗu, mutum ya tarar kakansa ɗaya ta wajen uwa da ta wajen uba.

A labarin ƙasa, inda ka fara ganin kalmar, ana cewa “dendritic drainage pattern”, kuma shi ne tsarin magudanar ruwa da ya fi yawa a duniya. Ba sai ka je ko'ina ba kafin ka gan shi. Bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, ka tsaya a gefen wata hanya mai rairayi da ɗan gangare ka dubi ƙasa. Za ka ga 'yan sirara-siraran layuka da ruwa ya zana, waɗanda ba su fi kaurin tsinken tsintsiya ba, biyu sun haɗu sun zama ɗaya mai kaurin yatsa, wannan ya haɗu da wani irinsa, har su zuba cikin wata 'yar kwata da ta kai faɗin tafin hannu. Kowane ƙarami yana shiga babba a karkace, yana fuskantar inda ruwan ya nufa, da kusurwar da ba ta kai digiri 90 ba. Abin da ke ƙarƙashin ƙafarka shi ne abin da jirgin sama yake gani a kan kogi da rafukansa da ƙoramunsa, bambancin girma ne kawai.

Abin da malamin labarin ƙasa yake so ɗalibi ya fahimta shi ne cewa kalmar tana ba da labarin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa. Ruwa yana yin wannan tsari ne a inda ƙasa ko dutsen yake da tauri iri ɗaya a ko'ina, babu tsaga ko lanƙwasa da za ta tilasta masa bin wata hanya, sai ya bi gangare yadda ya ga dama. Inda duwatsu masu tauri da masu taushi suka jeru layi-layi, kamar a tsaunukan Appalachia na Amurka, ƙananan rafuka suna shiga manya a miƙe, a kira tsarin “trellis”. Inda ƙasa ta yi tozo a tsakiya, koguna suna fita ta kowace fuska, a kira shi “radial”, kuma tudun Jos misali ne da ɗaliban Nijeriya suka sani, domin daga can kogin Kaduna da na Gongola da wasu suke tasowa su nufi ɓangarori dabam-dabam. Saboda haka idan aka nuna maka taswira a jarrabawa ka rubuta dendritic, ka yi magana a kan siffa, ka kuma yi magana a kan dutse. Wannan hujja tana da ƙarfin da har a wata duniyar aka yi aiki da ita: lokacin da kumbon Mariner 9 ya aiko da hotunan duniyar Mars a 1972, an ga busassun kwaruruka masu rassa irin na koguna, kuma irin wannan siffa tana cikin manyan dalilan da suka sa masana suka yarda cewa ruwa ya taɓa gudana a can.

Akwai wani ɗan bambanci da ya kamata a kiyaye. A tsarin magudanar ruwa, ruwan yana tahowa daga rassa zuwa gindi, yana taruwa. A bakin teku kuwa, kamar yankin Neja Dalta, kogi ɗaya ne yake rarrabuwa. A hoto duka biyun suna kama da bishiya, amma a al'adar masana na biyun ana kiran rassansa “distributaries”, kalmar dendritic kuma an fi keɓe ta ga na farko.

A ilimin ƙwaƙwalwa ne kalmar ta sami ma'anarta ta biyu. A 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya gano wata hanyar rina naman ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa, wadda take baƙanta ƙwayoyin jijiya ɗaiɗaiku tun daga jikinsu har tsinin rassansu, ta bar sauran ba rini. Da wannan hanya Santiago Ramón y Cajal, ɗan ƙasar Sifen, ya yi zane-zanensa na ƙwayoyin jijiya, su biyun kuma suka raba kyautar Nobel a 1906. Abin da aka gano ta wannan hanya shi ne cewa yawanci ƙwayar jijiya tana da dogon zare ɗaya da take aika saƙo ta cikinsa, da kuma rassa masu yawa da take karɓar saƙo da su. Waɗannan rassa ne masanin jikin ɗan'adam ɗan ƙasar Suwizalan, Wilhelm His, ya raɗa wa suna dendrites a 1889, ya aro kalmar da masu nazarin duwatsu suka daɗe suna amfani da ita. Wanda ya ga hoton ƙwayar Purkinje, wadda take cikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, ba zai yi gardamar sunan ba: rassanta sun bazu a shimfiɗe kamar mafici, kuma ƙwaya ɗaya tana karɓar saƙo ta wurare sama da dubu 100.

Da sunan dendrite ya zauna a matsayin sunan wani sashe na jiki, sai sifar dendritic ta ɗauki aikin da ba ta da shi a da, wato nuna mallaka. A jikin waɗannan rassa akwai wasu 'yan ƙananan tsiro kamar ƙaya, tsawonsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba, waɗanda Cajal ya fara bayyanawa a 1888, kuma a kansu ne yawancin saƙonni suke sauka. Sunansu “dendritic spines”. Ita ƙayar ba ta da rassa ko kaɗan, wata ma kamar kan allura take, ko ɗan naman kaza mai siririn wuya. An kira ta dendritic ne don tana jikin dendrite. Haka abin yake idan ka ga “dendritic membrane” ko “dendritic signal”: fatar reshen ake nufi, da saƙon da ke tafiya a cikinsa. Na taɓa duba wata fassara da aka mayar da dendritic spine “ƙaya mai rassa”, kuma mai fassarar bai yi sakaci ba, ƙamus ya buɗe ya ɗauki ma'anar farko da ya gani. Hanyar kauce wa wannan ita ce mutum ya tambayi kansa a kowace jimla: shin abin da aka siffanta shi ne yake da rassa, ko kuwa yana zaune ne a jikin wani abu mai suna dendrite? A rubutun ƙwaƙwalwa amsa ta biyu ta fi yawa, a labarin ƙasa da nazarin duwatsu kuwa kusan kullum ta farko ce.

Ruɗani na gaba ya fi wannan. Akwai abin da ake kira “dendritic cell”, kuma duk wanda ya fito daga darasin ƙwaƙwalwa zai ɗauka ƙwayar jijiya ce. Ba ita ba ce, ƙwaya ce ta garkuwar jiki. Ralph Steinman da Zanvil Cohn ne suka bayyana ta a 1973 a Jami'ar Rockefeller da ke New York, bayan sun gan ta a cikin saifar ɓera, suka ba ta wannan suna saboda hannuwa masu rassa da take miƙawa ta kowace fuska. Aikinta shi ne ta kamo wani yanki na ƙwayar cuta a fata ko hanji ko huhu, ta kai shi kaluluwa, ta nuna wa sauran ƙwayoyin garkuwa don su san abin da za su yaƙa. An ba Steinman kyautar Nobel a kan wannan aiki a 2011, kuma ya rasu kwana uku kafin sanarwar ba tare da masu ba da kyautar sun sani ba, suka bar masa ita duk da haka. Ɗalibin da ya rikita wannan ƙwaya da ta jijiya ba shi ne farau ba: Paul Langerhans, wanda ya ga irinta a fatar mutum tun 1868 yana ɗalibin likitanci a Balin, shi ma ya ɗauka ta jijiya ce, rassan ne suka yaudare shi.

Abin da ka ji a bakin likitan ido kuwa, kusan tabbas “dendritic ulcer” ne, kuma a nan kalmar ta koma ma'anarta ta asali. Gyambo ne da ƙwayar birus mai suna herpes simplex take haddasawa a kan tantanin nan mai sheƙi da ya rufe baƙin ido. Likita yakan ɗiga wani rini ruwan ɗorawa a idon ya haska shuɗin haske, sai gyambon ya fito kore, siriri, mai rassa, da 'yan ƙullutu a tsinin kowane reshe. Siffar kanta ita ce take shaida wa likita irin cutar, kuma sanin hakan yana da amfani ƙwarai, domin maganin ɗigawa mai sinadarin siteroyid, wanda mutane suke saye a kemis don jan ido, yana iya faɗaɗa irin wannan gyambo ya lalata gani. Maganin kashe ƙwayar birus ake bayarwa, kuma likita ne yake tantancewa.

Masu nazarin ƙarfe su ma suna da nasu rabo a kalmar, kuma misalinsu yana cikin gidajenmu. Ka dubi sabon bokitin ƙarfe ko kwanon rufi irin wanda aka tsoma a narkakkiyar tutiya don kada ya yi tsatsa. A jikinsa akwai wasu fale-falen zane masu ƙyalli, kowane kamar gashin tsuntsu ko ganye, wani ya fi wani haske gwargwadon inda ka tsaya. Waɗannan ƙwayoyin tutiya ne da suka daskare ta hanyar yin rassa. Haka yake faruwa a cikin tukunyar alminiyum da masu zubi suke yi: narkakken ƙarfe ba ya daskarewa gaba ɗaya kamar bango, yana soma fitar da tsinaye ne, tsinayen su fitar da hannuwa, har su cika wurin. Idan ya huce da sauri hannuwan sukan yi kusa da juna, ƙarfen kuma ya fi ƙwari. A batirin litiyam na waya da na mota kuwa, dendrite sunan abin tsoro ne, domin idan ƙarfen litiyam ya taru ya yi irin waɗannan tsinaye, yana iya huda tantanin da ya raba ɓangarorin batirin biyu, wuta ta haɗu, batirin ya yi zafi ko ya kama da wuta. Dusar ƙanƙara mai hannuwa shida da ake gani a hotuna ita ma sunanta “stellar dendrite”, kuma tana samuwa ne a sanyin da ya kai kusan digiri 15 ƙasa da sifili idan iska tana da laima sosai. Wani masani ɗan Japan, Ukichiro Nakaya, shi ya fara ƙera irin wannan ƙanƙara a ɗakin gwaji a 1936, a kan silin gashin zomo.

Dalilin da ya sa abubuwan da ba su haɗa komai ba suke fitar da siffa ɗaya yana taimakawa wajen riƙe ma'anar. A yawancinsu, duk wurin da ya ɗan yi gaba shi yake fara samun abin da ake bukata don girma, ko shi yake fara rabuwa da zafin da ke hana daskarewa, don haka sai ya ƙara yin gaba ya bar na baya, gefensa kuma ya fitar da sabon tsini wanda shi ma zai yi haka. Kana iya gwadawa a gida: ka matsa ɗan man goge haƙori a tsakanin gilasai biyu masu faɗi, ka danna har ya bazu, sannan ka ɗaga na sama a hankali ba tare da ka goga shi gefe ba. Iska za ta kutsa ta gefe-gefe kamar yatsu, man ya tattaru ya bar zanen bishiya a kan kowane gilashi.

Game da tambayarka ko ana iya amfani da kalmar ga duk abin da ya yi rassa, amsa ita ce a'a, kuma ba ƙa'idar hankali ce ta hana ba, sabo ne. Hanyoyin iska na huhu suna rabuwa kusan sau 23 daga maƙogwaro zuwa ƙananan jakunkunan iska, sun cika duk sharuɗɗan da na ambata, amma likitoci “bronchial tree” suke cewa. Walƙiya “forked” ake ce mata, ƙahon barewar ƙasashen sanyi “branched”, murjanin teku mai rassa kuma “branching”. Goruba, wadda ta bambanta da giginya da dabino domin gangar jikinta tana rabuwa biyu, kowane ɓangare ya sake rabuwa biyu, masana tsirrai suna kiran rabuwarta “dichotomous”, wato rabuwa gida biyu daidai wa daida. Banki ko jam'iyya mai rassa a jihohi ba a siffanta su da dendritic, duk da cewa Hausa da Ingilishi sun yi tarayya wajen aron kalmar reshe ga irin waɗannan. Masana labarin ƙasa da masu tsara birane dai sun faɗaɗa ta kaɗan. Suna kiran unguwar da lungunanta suke zuba cikin titi ɗaya, titin ya zuba cikin babbar hanya ba tare da wata mafita ba, da wannan suna, suna kuma amfani da ita ga hanyoyin sufuri irin na zamanin mulkin mallaka, waɗanda aka shimfiɗa don kwaso amfanin gona da ma'adinai daga cikin ƙasa zuwa tashar jiragen ruwa, ba don haɗa garuruwa da junansu ba. Layin dogon da ya iso Kano a 1911, da rassansa da aka miƙa daga baya zuwa Ƙaura Namoda da Nguru, ya dace da wannan siffa.

Kalmomin da suke maƙwabtaka da ita ba sa maye gurbinta kai tsaye. “Arborescent” daga Latin take, inda “arbor” ke nufin bishiya, kuma an fi amfani da ita ga shukar da ta girma ta yi tsayi da ganga kamar bishiya alhali danginta ƙanana ne, don haka ta fi karkata ga girma da tsayuwa, dendritic kuma ga zanen rassa. “Ramified” daga “ramus” take, wato reshe, amma sunanta “ramifications” ya yi nisa da itace, a yau abin da zai biyo bayan wani mataki ake nufi da shi, kamar a ce hukuncin kotu yana da ramifications ga siyasa. “Dendroid” da “dendriform” suna nan a ƙamus da ma'ana kusan ɗaya da dendritic, amma ba kasafai ake ganinsu ba sai a bayanin tsirrai da ƙananan halittun ruwa. “Fractal”, wadda Benoit Mandelbrot ya ƙirƙira a 1975, ta fi faɗi, domin tana nufin duk siffar da ƙaramin yankinta yake kama da babbanta, ko da rassa ko babu. Wani lokaci Girkanci da Latin sukan yi takara a kan abu ɗaya: a 1985 masanan kimiyyar sinadarai biyu a Amurka suka wallafa aiki a kan wasu manyan ƙwayoyin sinadari masu rassa, Donald Tomalia ya kira nasa “dendrimers”, George Newkome ya kira nasa “arborols”, kuma sunan farko ne ya zauna.

A maganar yau da kullum da rubutun wasiƙa ko insha'i, shawarata ita ce ka yi amfani da “branching” ko “tree-like”. Dendritic kalmar fanni ce, kuma wanda ya ce tsagar bangon ɗakinsa dendritic ce a cikin hira, za a fahimce shi, amma za a ji kamar yana nuna karatu. A jimla yawanci tana zuwa ne gab da sunan da take siffantawa, kamar “dendritic pattern” ko “dendritic growth”, ba a cika yi mata “more” ko “very” ba, bayanau ɗinta “dendritically” kuma da wuya ka gamu da shi.

Wajen fassara zuwa Hausa, ban ga bukatar ƙirƙirar kalma ɗaya da za ta ɗauki duk waɗannan ayyuka ba, domin ita kanta ta Ingilishin ba aiki ɗaya take yi ba. Inda ake nufin siffa, “mai rassa kamar bishiya” ya wadatar: tsarin magudanar ruwa mai rassa kamar bishiya, gyambon ido mai rassa, daskarewar ƙarfe ta hanyar yin rassa. Inda ake nufin mallaka, sai a fara fassara sunan dendrite da “reshen ƙwayar jijiya”, sannan a jingina masa abin, a ce ƙayar reshen ƙwayar jijiya, ko saƙon da ke bin reshen. Ga ƙwayar garkuwar jiki kuwa, tunda sunan ya zama sunan yanka, na fi son a bar shi a Hausance a ce “ƙwayar dendiritik ta garkuwar jiki”, a yi bayanin rassanta sau ɗaya a farkon rubutu. Kalmar “jijiya” ce kawai nake jan hankali a kanta, domin a Hausa tana ɗaukar jijiyar jini da jijiyar saƙo da agara, har da saiwar itace a bakin mutane da yawa, don haka idan ana maganar ƙwaƙwalwa gara a fayyace a ce jijiyar saƙo tun a jimlar farko, kada mai karatu ya ɗauka hanyoyin jini ake nufi, waɗanda su ma suna da rassa.